Jan Zare a Wuyan Kwalba

Bayan ƙofar ɗakin Baba akwai tukunyar ƙasa guda biyu, ƙarama a cikin babba, an cike tsakaninsu da yashi. Aikina ne kowace safiya, kafin in sa kayan makaranta, in zuba wa yashin ruwa kofi biyu, in jiƙa tsumman da ake rufe bakin tukunyar da shi. A cikin ƙaramar ake ajiye insulin, maganin ciwon suga da Baba yake yi wa kansa allurarsa safe da yamma. Ƙauyenmu yana gaba da Fadan Kagoma kaɗan. Wutar lantarki sai ta ga dama take leƙo mu, insulin kuwa ba ya shiri da zafi.

Gwaggo Saratu, yayar Baba, ita ta haɗa tukunyar da hannunta. Ta yi shekara talatin da 'yan kai tana aikin jinya, yawancinsu a kan masu ciwon suga, kafin ta yi ritaya ta zauna a Kafanchan. Duk kwalbar da ta kawo sai ta ɗaura mata jan zare a wuya, ta manna mata filasta a gefe, daga kafaɗa zuwa gindi. Kowace Lahadi Mama takan ɗaga kwalbar a haske, ta ja layi da biro a kan filastar, daidai inda maganin ya tsaya.

Bara da damina Mama ta tafi Mararaban Rido wajen babbar yayarmu da ta haihu. Gwaggo kuma gwiwa ta kama ta, ta yi mako biyar ba ta zo ba. Yaya Istifanus, wanda ya gama jami'a yana jiran a kira shi bautar ƙasa, ya ce a bar masa Baba, ai abin da ya karanta ke nan. Bai ja layi ko sau ɗaya ba. Ya ce wannan ƙauyanci ne.

Ni ce mai buɗe tukunyar kullum, saboda haka ni na gani. Lahadi uku maganin yana nan a kan layin ƙarshe da Mama ta ja, bai sauka ko kaɗan ba. Jan zaren ya bar wuyan insulin ya koma wuyan wata 'yar ƙaramar kwalba da Yaya ya kawo. Babban yatsan ƙafar Baba, inda fartanya ta sare shi a gonar citta, ya ƙi warkewa, har ya fara sa safa da silifas, abin da bai taɓa yi ba. Na ga duk wannan ban faɗa wa kowa ba. Ko a aji, in na san amsa, nakan rubuta ta a bayan littafi in jira wani ya faɗa. Kuma ƙarar wa zan kai? Ta uban da ya haife ni, ko ta yayan da ya yi digiri?

Ranar Lahadi ta ukun, bayan sujada, sai ga Gwaggo a kan mashin, da tsohuwar baƙar jakarta a cinya. Baba ya tsaya taron dattawan coci. Na kai mata kujera gindin mangwaro, na ɗauko wake a faifai na zauna kusa ina tsincewa. Ta ce a kawo mata tukunya ta duba kafin Baba ya dawo.

"Gwaggo, ki huta da gwiwar nan," in ji Yaya. "Na duba komai. Ai aikin nan yanzu ba wani abu ba ne. Ka soka yatsa, mitar auna suga ta ba ka lamba, waya ta gaya maka sauran. Ko Alheri ma za ta iya."

Alheri ni ce. Kuma gaskiya ni ma haka nake ganin aikin a lokacin: farar riga, ɗan soka yatsa, a ce maka sannu Sista.

Gwaggo ta sauke jakar ƙasa a hankali. "Ba wani abu ba ne? Zauna, Istifanus. A'a, ba a kan mashin ɗin ubanka ba, nan a benci inda zan ga fuskarka. Kife wayar."

Ya zauna. Abin da ta faɗa, ga shi yadda na riƙe shi.

"Fitsarin farko da na gwada, ina da shekara goma sha tara, a wani ƙaramin asibitin mishan, ƙarƙashin wata Sista Kande da ban taɓa jin ta ce wa kowa sannu ba. Babu mita lokacin. Wani ruwa ne shuɗi, ka zuba a siririyar kwalbar gwaji, ka ɗiga fitsari ɗigo takwas, ba bakwai ba, ba tara ba, ka riƙe da maƙalin katako a kan wuta har ya tafasa. In ya tsaya shuɗi, lafiya. In ya koma kore, akwai suga kaɗan. Rawaya, an yi nisa. In ya yi ja kamar jan bulo, sai ka fita da gudu ka kamo mai fitsarin kafin ya hau keke. Ranar farko na juya bakin kwalbar ta wajena. Ya tafasa ya yi tsalle ya wanke mini gaban riga. Sista Kande ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, 'Yanzu kin san inda ake juya bakin.' Haka na yini da warin fitsarin mutumin da ban san sunansa ba.

"Sirinji na gilashi ne, guda shida ga asibitin duka. Ka wanke, ka naɗe a tsumma, ka dafa a kan risho. Allura in ta dakushe ba yarwa ake yi ba, wasawa ake yi a kan dutse, sannan ka ja bakinta a kan auduga. In ta kamo zare ɗaya, koma ka sake. Wata shida na yi ina wasa allura kafin a bar ni in kusanci fatar mutum. Kafin mutum kuwa lemu na yi ta sokawa, ya fi kwando biyu, Sista Kande tana tsaye a kaina tana cewa na kashe wannan, na kashe wancan.

"Amma duk wannan aikin hannu ne, hannu kuwa ba ya wuyar koyo. Mutane su ne karatun. Akwai wani manomi daga wajen Nok. Wata uku fitsarinsa shuɗi tas, ina ta murna ina rubuta 'ya samu sauƙi' a katinsa. Shi kuwa yana ta zubewa, har da igiya yake ɗaure wando. Wata rana Sista Kande ta wuce ta taɓa kwalbar fitsarin da bayan hannu. Ta ce, 'Wannan mil nawa ya yi tafiya?' Sanyi ƙalau. Ashe na matarsa yake kawowa daga gida, don kada a hana shi tuwo da burkutu. Tun daga ranar, fitsarin da ba shi da ɗumi ba na karɓa.

"Ka ce mutum ya zo da safe cikinsa ba komai. Ya zo, ya rantse. Ka gwada ka ga suga a sama. Ka yi ta tambaya, sai can ya tuna da kunu kofi uku. Shi a wajensa kunu ba ya cikin lissafi. Wayarka ta san ta tambayi kunu?

"Wata kuma 'yar zumuntar matan coci ce, ita take buga musu tulu in ana waƙa. Ta yi allura da safe ta shiga azumin coci ba ta gaya mini ba. Ana tsakiyar waƙa ta faɗi tana gumi tana surutai. Aka kewaye ta ana tsawata wa aljani. Ni na ture fasto gefe, Allah ya gafarta mini, na shafa mata zuma a cikin kumatu. Ba a jima ba ta buɗe ido tana tambayar ina tulunta. Lahadin da ta biyo ta tashi ta ba da shaida gaban jama'a, ta gode wa Ubangiji, ta gode wa fasto, ta gode wa zumunta. Ni da zumar ko ambato.

"In na shiga gidan mai ciwo, ba ɗakinsa nake fara zuwa ba. Makewayi nake cewa a nuna mini. Tururuwa ta riga mita shiga aikin nan. Inda mai suga ya yi fitsari, can za ka same ta a layi."

Tun makon da ya wuce nake ganin layin tururuwa a bayan makewayinmu, in share da tsintsiya su dawo. Na buɗe baki. Sai wake ya zube daga faifan, na sunkuya ina kwashewa, maganar ta koma ciki.

"Shekarar da ruwa ya cinye mana gada," Gwaggo ta ci gaba, "ni kaɗai ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye, daga ni sai firjin kananzir. Kananzir ya yi wuya, mota ta daina zuwa, firji ya mutu. Na kwashe kwalaben insulin na jefa a randar ruwa, ina ganin na yi dabara. Kwana biyu takardun jikinsu suka saɓule suna yawo a saman ruwa. Na tsaya da kwalabe tsirara a hannu, ban san wacce ce ta wa ba, ban san wacce ta kusa lalacewa ba. Wata Bafulatana, Inna Hajara, da take kawo mijinta allura, ita ta dube ni ta ce, 'Sista, mu ba ma tsoma nono a ruwa.' Ta nuna mini yadda take dasa ƙwarya a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Tukunyar da ke ɗakin ubanku daga wajenta na samo, ba daga littafi ba.

"A shekarar ne na rasa ƙafar Bulus tela. Na ce na rasa, don ni na rasa ta. Keken ɗinki na ƙafa yake takawa, shi yake ɗinka wa rabin ƙauyen kayan Kirsimeti. Da ya ga magani ba ya isowa, sai ya fara ja da nasa: yau ya yi, gobe ya tsallake, don kwalbar ta kai shi rani. Duk ranar da na tambaye shi, 'Da sauƙi, Sista, mun gode Allah.' Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, don ciwon nan yana kashe jijiyar ƙafa. Da ya gani sai ya rufe da safa. Ranar da warin ya fito, ƙofa muka ciro muka kwantar da shi a kai, maza huɗu suka ratsa rafi da shi, ruwa har ƙirji. Daga gwiwa aka yanke. Da ya dawo gida ya aiko mini da ragowar zarensa, ja ya fi yawa, ya ce shi da keke sun gama.

"Masu suga idonsu yana rauni, ba sa iya karanta takardar kwalba, amma yatsa yana jin zare. Dalilin zare ke nan. Layin biro kuwa, don kada in ƙara tambayar mutum ya jiki in yarda da abin da ya ce. Mutum yana jin kunya, yana jin tsoro, yana son ya faranta maka. Kwalba ba ta san wannan ba."

Da ta ambaci safa, hannuna ya tsaya a cikin waken. Yaya kuwa ƙasa yake kallo, ina jin ya tuna da maganar ƙauyanci. Amma bai daɗe ba ya ɗago.

"Gwaggo, ban raina ba. Amma wancan zamanin ya wuce. Insulin lallaɓa ciwon kawai yake yi. Yanzu an fara gano tushen abin. Kin san maitokondiriya?"

"Na san ta tun kana tsotson yatsa. Ci gaba."

Mu ma mun yi ta a bayoloji. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki, su suke ƙona abinci su ba da ƙarfi. Malaminmu janareton jiki yake kiransu. Abin da Yaya ya ƙara, ban san shi ba. Ya ce suna da nasu gadon daban, daga uwa kaɗai ake samunsa. Ya ce an gano suna ƙera wasu 'yan gutsattsarin furotin da ake kira peptaid, suna aikawa kamar saƙo zuwa tsoka, ta buɗe ta janye suga daga jini. An gwada a kan ɓeraye, waɗanda aka yi wa allurarsa ba su yi ƙiba ba, jikinsu kuma ya fi jin insulin. Motsa jiki ma yana ƙara shi. Yana magana idonsa yana haske, kuma ya iya bayani, har na ji ina son in rubuta. Sannan ya ce ya yi odar irinsa ta intanet, an aiko masa ta tashar mota. Gari ne a kwalba, ana dama shi da ruwan allura. Ya nuna wa Baba yadda zai riƙa yi.

"Ƙari ne kawai a kan insulin," ya ce da sauri, don ya ga fuskarta. "Na gaya masa kada ya daina wancan."

"Ka sa wa ƙanena abu a jiki ba ka kira ni ba."

"Gwiwarki ce..."

"Da gwiwa ake amsa waya? Nuna mini."

Ya buɗe hoton kwalbar a waya. Gwaggo ta sa tabarau ta miƙar da hannu nesa da fuska. "Layin ƙasan nan, ƙanana, karanta mini da ƙarfi."

Ya karanta da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. Ma'anarsa, don bincike ne kawai, ba don a yi wa mutum amfani da shi ba.

"Ai doka ce ta sa suke rubuta haka, Gwaggo."

"To dokar mahaukaciya ce? Saurara. Ban ce masu binciken ƙarya suke yi ba. Wataƙila nan gaba ya zama magani, in ina raye ni zan fara ɗaura masa zare. Amma ɓeran nan naka, kullum ana auna shi. An san abin da ya ci, an san abin da aka zuba a sirinji. Ɓeran yana zuwa gonar citta ba takalmi? Yana shiga azumi a ɓoye? Yana cewa da sauƙi? Wannan kwalbar taka wa ya cika ta, da me? Kwana nawa ta yi a bayan mota a rana tsakanin tasha da tasha? Ka ce motsa jiki yana ƙara shi. Ubanka tun sassafe yake kan fartanya. In da wannan kaɗai ya isa, da shi zai riƙa sayar muku. Ka kuma ce daga uwa ake gado? To nawa da na ubanka iri ɗaya ne, na Iya mahaifiyarmu ne. Na san janareton nan ciki da waje, na san taurin kan da ya zo tare da shi."

"Amma yana aiki!" Yaya ya miƙe tsaye. "Ki bari ya dawo ki gani. Tumbin nan duk ya sauka. Shekaranjiya sai da ya huda sabon rami a bel ɗinsa."

Gwaggo ta cire tabarau.

"Cikin mako nawa?"

"Uku."

"Mitar lamba nawa take ba ka?"

"Takardun gwajin sun ƙare. Ina so in saya in na shiga gari."

"Ka ce ka duba komai. Ruwa fa, nawa yake sha?"

Bai sani ba. Ni na sani, don ni nake cika masa jarkar gona. Da takan kai shi yamma har a dawo da saura. Yanzu kafin rana ta yi tsaka yake aiko a ƙaro. Na sake buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai na ajiye faifan, na shiga ɗakin Baba, na ciro ƙaramar tukunyar daga cikin yashi, na kawo na dire a gaban Gwaggo.

Ta fara ɗauko insulin. Ta ɗaga a haske. Maganin yana daidai da layin Mama, kamar jiya aka ja shi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauko ƙaramar kwalbar, mai jan zare a wuya, ta juya kan Yaya.

"Kai ka kwance zaren Bulus ka ɗaura wa wannan?"

"Gwaggo, Allah shaida, ban taɓa zaren nan ba."

"Ƙarya kuma, ranar Lahadi? Mutum da yatsa yake neman maganinsa, ka canza masa alama?"

"Ban taɓa ba! Ni ban ma lura ba!"

"Ba Yaya ba ne."

Ni na faɗa. Sai da suka juyo suna neman mai maganar.

"Ƙullin Baba ne," na ce.

Ƙullin Gwaggo a kwance yake, sau biyu, ta datse bakin da almakashi gajere, irin na ɗinkin rauni. Yaya komai kamar igiyar takalmi yake ɗaure shi. Wannan kuwa zarge ne mai jela, wanda in ka ja jelar ya warware. Haka Baba yake ɗaure akuya, haka yake ɗaure bakin buhun citta. Bakin zaren ma a taune yake, da haƙori aka gyara shi. Ban san na faɗi duk wannan a jere ba sai da na ji na yi shiru.

Gwaggo ta kawo ƙullin kusa da ido. Ta ja jelar, ya warware.

"Tun yaushe kika gani?"

"Lahadi uku."

"Uku." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Ni da ke za mu yi wannan maganar."

Daidai nan Baba ya shigo, Littafi Mai Tsarki a hammata, yana taka ƙafar dama da dunduniya.

"A'a, Sista ce da kanta! Ya gwiwa?"

"Gwiwa tana nan. Yohanna, ya jiki?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

Gwaggo ta dubi Yaya, Yaya ya kau da kai. "Zauna," ta ce wa Baba. "Kawo yatsa. Cire safar nan kuma."

Baba ya ga kwalabe biyu a cinyarta da zaren a hannunta. Ya zauna a hankali. Ta ciro mitarta daga jaka ta soke shi. Mitar ba ta ba da lamba ba, haruffa biyu kawai ta nuna, waɗanda ke nufin sugan ya wuce abin da za ta iya aunawa. Safar kuwa ta manne, sai da na kawo ruwan ɗumi aka jiƙa. Ba zan kwatanta yatsan ba. Warin ya kori kajin da ke tsintar waken da na zubar.

"Me ya sa, Yohanna?"

"Baba, ai na ce maka kada ka daina," in ji Yaya.

"Ka ce," in ji Baba. "Ka kuma ce wancan lallaɓawa yake yi, naka shi ne mai gyara daga tushe. Ka ce wata rana zan rabu da insulin. Na ga wata ranar ta yi nisa." Ya juya wajen Gwaggo. "Yaron nan shekara huɗu yana jami'a, Sista. Abu na farko ke nan da ya kawo mini daga karatunsa. In na haɗa da naki, in na warke a ce na wa ne ya yi aiki? In ni ban yarda da karatunsa ba, wa zai yarda?"

"To ga shi ka yarda, da ƙafarka." Ta tura kayan cikin jaka. "Shekara talatin ina fama da iyayen wasu, ashe nawa rabon yana gida. Istifanus, tada mashin. Alheri, kira mini wani mai mashin a bakin hanya. Da baki za ki kira shi, ba da ido ba."

Kwana goma sha biyu Baba ya yi a asibiti a Kafanchan. An yanke babban yatsan, ƙafar ta tsira. Yaya ne ya yi jinyarsa, shi yake fita da tasa, shi yake rubuta lambar suga sau huɗu a rana a littafin da Gwaggo ta ba shi. Ƙaramar kwalbar kuwa Gwaggo ta kai wa likita ya gani, ba ta dawo da ita ba. Ranar da aka sallame su ta miƙa wa Yaya leda cike da lemu da tsohon sirinji. Ta ce, "Karatunka yana da kyau, kada ka yar. Amma fara daga nan." Ya karɓa.

Tawa maganar a kicin muka yi ta, Gwaggo tana yanka kuɓewa.

"Ido kina da shi," ta ce. "Ko Sista Kande ba za ta duba ƙulli ba. Amma kin gani kin zauna a kai Lahadi uku, yatsa ɗaya ya tafi. Da kin ƙara ɗaya, da daga gwiwa ne. Kina ji na? Rabin aikin nan gani ne. Ɗaya rabin, ki tsaya gaban wanda ya girme ki, wanda kike jin nauyinsa, ki faɗa masa abin da ba ya son ji. Kunyarki ki ajiye ta wa surukai."

Ta ciro biro da jan zare daga jaka, ta koya mini ƙullinta har sau biyar, ta ce wa Mama, wadda ta dawo daga Mararaban Rido, daga yau layin nawa ne.

Da rani, wata Lahadi da safe, na ja layi na ga tazararsa da na makon da ya wuce ba ta kai ta sauran ba. Na auna da bakin farce sau biyu. Baba ya riga ya shirya, ya sa takalmin da Gwaggo ta sa aka yi masa mai faɗin baki, ana jin ƙararrawar coci. Na tsaya a bakin ƙofa da kwalbar a hannu.

"Baba, makon nan ka tsallake."

"Wa ya gaya miki?"

Na ɗaga kwalbar.

"Azumin dattawa ne, kwana biyu kawai. Matsa, za mu makara."

"Allurar yau fa?"

"In mun dawo."

Ban matsa ba. Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya sake dubana.

"Saratu ɗaya ba ta ishe ni ba," ya ce. Ya ajiye Littafin a kan gado, ya murza kwalbar tsakanin tafukansa, ya ɗage riga. Na tsaya har ya gama, na kawo masa abin karyawa, na tsaya har ya ci.

Mun makara. Ana tsakiyar waƙa muka shiga, ta ƙofar gaba, don ita kaɗai ce a buɗe. Duk cocin ya juyo yana kallonmu. Na bi bayan Baba har wurin zamansa, sannan na wuce nawa.